Sanyin Dare Ɗaya Bai Isa Ya Sa Manomin Kanola Ya Sake Shuka Ba

A filayen yammacin Kanada, wato lardunan Saskatchewan da Alberta da Manitoba, watan Mayu ne lokacin shukar kanola, tsiron nan mai rawayar fure, ɗan dangin kabeji, wanda ake matse man girki daga ƙwayarsa. Masana biyu, Baldur Stefansson da Keith Downey, su suka gyara irinsa a shekarun 1970 har mansa ya ciwu, yau kuma Kanada na shuka shi a eka sama da miliyan 20 duk shekara. Matsalar ita ce, a watan nan dare kan yi sanyin da raɓa ke daskarewa a kan ganye, ga shi sau da yawa ƙasa a bushe take. Manomi ya wayi gari ya tarar tsiransa sun yi baƙi sun kwanta, zuciya ta ce masa ya fito da inji ya sake shuka. A ganina, a shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, wannan gaggawar ta fi sanyin kansa ɓarna.

Tsoron manomin yana da tushe. Alkama tana ɓoye tohonta a cikin ƙasa makonnin farko, sanyi ya ƙone ganye ta sake fitar da wani. Kanola kuwa tohonsa a waje yake, tsakanin ganyensa biyu na farko, idan ya mutu tsiron ya tafi ke nan. Amma baƙin ganye ba shaidar mutuwar toho ba ne, shi ya sa Majalisar Kanola ta Kanada ke shawartar manoma su jira kwana 4 zuwa 10 kafin su yanke hukunci, su tsugunna su duba ko wani ɗan kore ya leƙo a tsakiya. Tsiron da ya sha kwanakin sanyi a jere yakan taurare, ya jure abin da zai halaka wanda ya taso cikin ɗumi. Ɓarnar ma ba ta zuwa bai ɗaya: ta fi tsanani a kwari, inda iska mai sanyi ke taruwa, da wurin da ragowar karan bara ya lulluɓe ƙasa ya hana ɗuminta tasowa da dare. Ga kuma wata baiwa da kanola ke da ita, idan ya sami fili yakan yi rassa ya cike gurbin 'yan uwansa. Ana son tsiro 5 zuwa 8 a kowane murabba'in ƙafa, amma ko biyu suka tsira, muddin sun bazu daidai a gonar, sau da yawa sun fi sabuwar shukar da aka yi a makare amfani.

Ita sabuwar shukar, a ina za ta faɗa? Ƙwayar kanola ba ta kai ta gero ba, zurfin da take so rabin inci ne zuwa inci ɗaya, kuma wannan fatar ƙasa ta sama ita ce ta fara bushewa, duk wucewar inji kuma yana ƙara shanye laimarta. A zurfafa iri don neman danshi, ya kasa hudowa. A bar shi a sama, ya zama binne, wanda manomin geronmu ya san cacarsa: yayyafi ya tayar da iri, rana ta kashe shi. Wanda ya fito ma a hankali yake girma, ƙarfin maganin da aka shafe irin da shi yana raguwa cikin 'yan makonni, ƙananan ƙwarin nan masu tsalle kamar ƙuma su far wa ganyen. Can gaba kuma shukar makara tana fure a tsakiyar zafin Yuli, alhali kanola kan zubar da fure idan zafi ya doshi digiri 30. Idan sanyin ƙarshen lokacin noma ya riske ta ba ta nuna ba, kore ya maƙale a cikin ƙwaya, kuma daraja ta ɗaya a Kanada ba ta karɓar koren ƙwaya sama da kashi 2 cikin 100. Farin 2021, wanda ya zaftare fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na kanolar ƙasar, ya nuna cewa ruwa ne babban abin tsoro.

Za a ce jira ma asara ce, domin lokacin noma a can gajere ne, kamfanonin inshora kuma suna da ranar rufe shuka a watan Yuni. Gaskiya ne, kuma akwai shekarun da ba makawa: sanyin ƙarshen Mayun 2015 ya tilasta wa manoma da yawa a Manitoba sake shuka. Amma kwana huɗu ba sa rufe lokaci, kuma ko a irin wannan shekara ƙidayar tsiro ce ta kamata ta yanke hukunci, ba kallo daga tagar mota ba. Iri mai aure yana cikin mafi tsadar abin da manomin ke saye, bai dace ya biya sau biyu don tsoro ba. Wasu kuma na cewa a jinkirta shukar tun farko har sanyi ya wuce. Wannan yana kare tsiro daga dare ɗaya, amma yana zubar da laimar da dusar ƙanƙara ta bari a ƙasa, wadda a busasshiyar shekara ita ce duk jarin gonar.

Saboda haka manomin da sanyi ya taɓa ya jira kwanakin nan, ya shiga gonarsa da ƙafa, ya ƙirga tohon da ke raye a tudu da kwari, ya sake shuka inda ya mutu kawai, shi ma sai ya tona ya ga danshi.