Zama Wuri Ɗaya Tsautsayi Ne

Jama'a, duk wanda ya tashi a Nguru ko Gashua ya san ba a taɓa jin wani a can ya ce zai fita motsa jiki ba, domin kuwa neman abincin kansa shi ne motsin. Masunci ya kwana jan taru a tabkin Nguru ko a kogin Yobe, manomin shinkafa ya yini a fadama ruwa iya gwiwa. Tun daga 1930 da jirgin ƙasa ya iso Nguru, 'yan dako ne suka riƙa loda gyaɗa da ƙaro da fatu da bandar kifi a kafaɗa. Irin wannan jikin muka ɗauko muka zo da shi Kudu.

To, da muka zo sai kiɗa ya canza, amma rawa ba ta canza ba. A Agege da Idi-Araba, a Sabon Badun da Fatakwal, da yawanmu a zaune muke cin abinci: mai gadi a kan benci, mai shago a bayan kanta, ɗan canji a ƙarƙashin rumfa, direba a kan kujera. Aikin ƙarfi ya tafi, akushin kuwa yana nan yadda yake, har ma an ƙara masa shayi mai kaurin sukari da lemon kwalba. In tumbi ya fito sai a ce alhaji ya ji daɗi, alhali kuwa sau da yawa sallamar hawan jini ce da ciwon sukari.

Ganin haka sai ga masu talla sun fito da jiƙo da ganyen shayi da ƙwayoyi, wai suna hura wutar jiki ta ƙone kitse mutum yana kwance. Ya kamata mu san yadda wutar take kafin a raba mu da guminmu. Jikin ɗan Adam kamar murhu ne wanda ba ya mutuwa, dare da rana yana ƙona abinci yana mai da shi ƙarfi. Wajen kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na abin da yake ƙonawa, zuciya da ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda da sauran gaɓoɓi ne ke cinye shi ko da mutum bai ɗaga yatsa ba. Babu jiƙon da zai ninka wannan.

Gaskiya kuma ɗaya ce, motsa jikin ma ba ya ninka shi. A 2012 wani masani Ba'amurke, Herman Pontzer, da abokan aikinsa suka auna mutanen Hadza na Tanzaniya, maharban da ke yini suna tafiya a daji, suka tarar abin da jikinsu ke ƙonawa a rana bai bambanta sosai da na mazauna biranen Turai da Amurka ba, in an lura da girman jiki. Watau jiki yana da dabarar tsimi, in ya kashe a nan sai ya rage a can. Saboda haka wanda ya yi tafiyar rabin sa'a ya dawo ya ninka tuwo, sai dai ya yi haƙuri da tumbinsa.

Wani zai ce to mene ne amfanin wahalar? Amfaninta ya fi rage ƙiba nesa ba kusa ba. Tsoka in tana aiki zuƙe sukari take yi daga cikin jini, shi ya sa 'yar tafiya bayan cin abinci ke sauko da shi. Motsi na yau da kullum yana sassauta hawan jini, yana kuma tsare tsokar da shekaru ke zaizayewa, ita kuwa tsoka ko a hutu ta fi kitse cin makamashi. Tun a 1953 wani likita a Ingila, Jerry Morris, ya nuna kwandastocin motocin safa masu bene na Landan, da ke yini suna hawa da sauka, ciwon zuciya bai kama su kamar direbobin da ke zaune ba. Mota ɗaya, hanya ɗaya, bambancin kawai kujera.

Mu kuwa muna da dalili na musamman. Mutumin Gashua ba ya bukatar a gaya masa abin da ciwon ƙoda ke yi wa gida, ya ga yadda wankin ƙoda ke cinye gona da garke. A duniya baki ɗaya ciwon sukari da hawan jini su ne kan gaba wajen kashe ƙoda, jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba kuwa ƙarin kaya ne a kanta. Bai kamata wanda ya zo neman abin da zai aika gida ya koma shi ne kayan da za a aika ba.

Abin da ake nema bai fi ƙarfin kowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da aikin ƙarfafa tsoka a kwana 2. Minti 30 ke nan na tafiya da sauri a kwana 5. Mai gadi ya zaga gidan maimakon benci, mai shago ya sauke kayansa da kansa wani lokaci, a taka zuwa masallacin da ya ɗan fi nisa, a sauka daga mota kafin tasha. A sha ruwa sosai, a rage sukari da gishiri, a riƙa auna jini. Mai ciwo kuma ya fara jin ta bakin likita.

Babban abin da ke hana mu shi ne kunya, wai kada a ga dattijo yana gumi a titi. Iyayenmu da suka tura kwalekwale har furfura ba su zubar da girma ba. Muna roƙon sarakunan Hausawa na unguwanninmu da limamai da shugabannin ƙungiyoyi su fara fita da kansu bayan asuba, na baya za su bi. Kifi ma ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, kuma ba ɗan Bade za a koya wa maganar kifi ba. Allah ya ba mu lafiya, ya mai da mu gida da ƙafafunmu.