Kafin mu ce yaro bai yi karatu ba, mu duba kibod ɗin da aka ba shi

Rubutun wannan mako a kan wani ƙaramin abu ne da muke rainawa, alhali yana iya cinye wa ɗalibi shekara guda cur.

Kwanaki ɗan yayata ya taso daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma domin gwajin jarrabawar JAMB a wata cibiyar kwamfuta. Yaro ne mai ƙoƙari, amma ya fito ido jajur. Da na matsa masa sai ya ce, "Kawu, in na danna N sau ɗaya, sai tambaya uku ta wuce." Maɓallin ne ya maƙale. Ya ji kunyar ɗaga hannu, don kada a ce ɗan ƙauye ne bai iya kwamfuta ba. Allah Ya taimake mu gwaji ne. Da ranar jarrabawar gaske ce, da yanzu muna ta faɗa da shi a gida muna cewa wasa ya yi.

Tun 2015 JAMB ta koma yin jarrabawarta kacokan a kwamfuta. Tambaya 180 ce cikin awa 2, wato daƙiƙa 40 kan kowace tambaya. An sauƙaƙa wa wanda bai saba da maus ba: A, B, C, D na zaɓen amsa, N na gaba, P na komawa baya. Wannan sauƙin ya dogara ne kan cewa maɓallan suna aiki. In B ba ya shiga sai an danna da ƙarfi, ko N yana tsallake, yaron da ya kwana karatu zai ɓata lokacinsa yana kokawa da roba. Haka ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suke fama in lokacin buga furojet ya zo: ka rubuta harafi ɗaya, ya cika maka layi.

Ra'ayina shi ne, mafi yawan wannan matsala sakaci ne, kuma gyaranta bai kai kuɗin cajin waya ba. Mun san garinmu. In hunturu ya kama, ƙura har cikin akwati take shiga. Ƙara da ɓurɓushin ƙuli-ƙuli da gyaɗa, da ɗigon shayi ko zoɓo da ya bushe ya zama danƙo a ƙarƙashin maɓalli.

Ga yadda ake bi. Da farko ka gano inda laifin yake: jona wani kibod na USB. In matsalar ta tafi, tsohon ne ya lalace ko ya yi datti. In tana nan, ka duba saitin kwamfutar. A Windows, danna Shift sau 5 a jere yana kunna Sticky Keys, riƙe Shift na dama tsawon daƙiƙa 8 kuma yana kunna Filter Keys. Yara kan kunna su ba da sani ba, sai rubutu ya riƙa yin abin mamaki, mutum ya ɗauki kwamfuta ya kai wa mai gyara a banza. A Control Panel, wurin Keyboard, akwai inda ake rage saurin maimaita harafi.

In datti ne, kashe kwamfutar, zare waya, kife kibod ɗin ka bubbuga bayansa a hankali. Bi tsakanin maɓallai da busasshen buroshi mai laushi. Na tebur ana iya ɓalle murfin maɓallin a goge da auduga mai ɗan sifirit, a bari ya bushe sarai. Na laftof kuwa a yi hattara, ƙafafun robar da ke riƙe da maɓallin ba su da ƙwari, in sun karye an shiga wani kashe kuɗin. Kada a zuba ruwa, kada a ɗiga man keke ko man gyaɗa, ƙura suke ƙara tarawa.

Maus da ke danna sau biyu in ka taɓa sau ɗaya, galibi ɗan makunnin da ke ciki ne ya gaji. Gwada shi a wata kwamfutar. In marar waya ne, fara sauya batir. In bai daina ba, a saya sabo, ya fi a bar yara suna buɗe abin da ba su nufa ba.

Wani zai ce masu cibiyoyin nan suna fama da tsadar mai da rashin wuta, ina suka ga sararin bin maɓalli ɗaya-ɗaya? Na yarda suna shan wuya. Sai dai wanda ya iya sayen janareta da kwamfuta ɗari, ba zai kasa ajiye kibod biyar da maus biyar na ko-ta-kwana ba, ko ya sa yaro ɗaya ya zagaya da buroshi duk Asabar, ya lulluɓe su da ƙyalle in an tashi. Iyaye sun biya kuɗin rajista, sun biya na mota, wasu sun sako ɗansu a hanya da fargaba a zuci. Amana ce.

Mu ma iyaye da malamai akwai namu. Mu koya wa yara cewa da zarar sun zauna su lura da kowane maɓalli da maus ɗin, in wani abu bai yi daidai ba su ɗaga hannu nan take su nemi a sauya. Hakkinsu ne, ba rashin kunya ba ne. Ɗan yayata ya koyi wannan, kuma na ce ya koya wa abokansa a Kurfi.

Masu gyaran kwamfuta da ke cikin wannan zaure, ku ƙara mana da abin da na bari. Allah Ya ba yaranmu sa'a.