Mun cike fom, mun bar yaron a wurin

Jiya muna zaune a bakin tafkin Jabi da 'yan ajinmu na digiri na biyu, kowa na alfahari da yawan yaran da ya samu a bincikensa. Ni kam jikina sanyi ya yi.

Aikina a kan damuwa da firgici ne ga yaran da rikici ya raba da garuruwansu. Na je wani sansanin 'yan gudun hijira a nan Abuja da fom ɗin SDQ, mai tambaya 25, wanda Robert Goodman ya fitar a 1997. Wani yaro ɗan shekara 12, duk abin da na tambaya sai ya ce "ba komai". Sai da babur ya wuce na ga ya ƙanƙame rigata, jikinsa na rawa. Fom ɗin bai tambayi babur ba. Wallahi maki kawai na rubuta na taho.

A ganina, kada a sake amince wa ɗalibi ya je ya tono wa yara ciwo sai ya nuna likita ko mai ba da shawarar da zai tura su. Malamai, don Allah ku duba. Ni ranar Asabar zan koma, ba tare da fom ba.