Wai Aji Ya Cika, To Wa Ya Ƙirga Kujerun?

Yau ina son in yi tsokaci ne a kan amsar da ake ba yaranmu duk lokacin da suka nemi canjin jami'a, wato "gurbi ya cika".

Kowa ya san tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya: kashi 45 cikin 100 na cancanta ne, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 kuma na jihohin da aka bari a baya wajen boko. To yaron da aka haifa a Sabon Ibadan ko Agege, amma takardar asalinsa ta ce Katsina, ba ya cikin kason nan na 35 a garin da aka yanke masa cibiya. Dole ya nufi Arewa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya gagari iyaye, ga fargabar hanya, shi ya sa da yawa ke neman dawo da 'ya'yansu kusa da gida. Haka ɗalibanmu da yaƙin Sudan ya koro a Afrilun 2023, su ma sai da suka bi layin neman gurbi.

Ban ce babu cunkoso ba. Hukumar NUC na ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗalibanta, sannan yajin aikin ASUU na wata 8 a 2022 ya tara ɗalibai a bakin ƙofa. Amma jama'a, mai canjin makaranta galibi aji 2 yake shiga. Ina kujerun waɗanda suka faɗi jarrabawar aji 1? Ina na waɗanda suka sauya kwas, ko suka bar karatun? Abin takaici, ajin da ya cika wa ɗan mai goro da safe, da yamma sai ya buɗe wa mai ɗauke da wasiƙar wani babba. Idan rami ya cika, ai bai kamata ya zaɓi wanda zai cika wa ba.

Tun 2017 hukumar JAMB ke tantance gurabe ta kwamfuta, saboda haka ba abin wuya ba ne kowane sashe ya liƙa yawan kujerun da suka rage, da makin da ake buƙata, da ranar rufewa. Wanda bai kai ba a faɗa masa a rubuce, a daina ce masa "dawo gobe" har zango ya raba.

Mu ma akwai namu aikin. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyinmu su tattara sunayen yaran nan a je da murya ɗaya, domin tsintsiya ɗaya ba ta shara. Iyaye kuma kada ku bari yaro ya bar tsohuwar makarantarsa sai takardar sabuwa ta zo hannu, kada a saki reshe a kama ganye.

Allah Ya ba yaranmu ilimi mai amfani, amin.