Cin Zarafin Yara a Coci: Daga Muhawarar Roma Zuwa Gombe

A watan Agustan 2018, Akbishop Carlo Maria Viganò, tsohon jakadan Fadar Vatican a Amurka, ya nemi Fafaroma Francis ya yi murabus, bisa zargin ya kawar da kai daga ta'asar Kadinal Theodore McCarrick. Nan take kan mabiya ɗariƙar Katolika ya rabu. Wasu na ganin Fafaroma ya yi sakaci, wasu kuma na cewa masu ra'ayin riƙau ne suka fake da hawayen waɗanda aka zalunta.

A Fabrairun 2019 aka tuɓe wa McCarrick rigar limanci. A taron Roma na wannan watan, Sista Veronica Openibo, 'yar Najeriya, ta ƙalubalanci shugabannin cocin kan shirun da suka daɗe suna yi. A watan Mayu Francis ya kafa dokar da ta wajabta wa kowane yankin bishop ya buɗe hanyar karɓar ƙorafi.

Francis ya rasu a 2025, Fafaroma Leo na 14 ya gaji wannan nauyi. A ra'ayinmu, a gida za a auna shugabancin Roma. Gombe tana ƙarƙashin Bishop na Bauchi, don haka muna kira da a sanar a kowane coci da makarantar Katolika a garin inda iyaye za su kai ƙara, a kare mai ƙarar, a kuma miƙa duk zargi ga hukuma. Wannan kira ya shafi sauran wuraren ibada da makarantu, domin rufa-rufa ce ke ba mai laifi damar maimaitawa.