Baje Koli a Allon Waya, Dila a Shingen Mazanya

A 'yan shekarun nan wata sabuwar sana'a ta ɓullo a Abuja da Kaduna da Kano, ta masu koya wa shagunan ɗinki yadda ake talla. Sukan zo da kwamfuta da kalmomin Turanci masu nauyi, su zaunar da mai shago su shaida mata cewa zamanin sayar da tufa ya wuce, abin da ake sayarwa yanzu shi ne yanayin da mai saye zai tsinci kansa a ciki. Saboda haka sai ta shirya baje koli ta intanet: a kama ɗaki a ƙawata shi, a ɗauko masu kyamara, a gayyato 'yan fim biyu da wasu masu tarin mabiya a TikTok, a sa ranar da za a haska kai tsaye. Mai kallo daga Jidda ko Landan, in ji su, za ta ji kamar tana zaune a sahun gaba. Wannan shawara, yadda ake sayar da ita ga ƙananan 'yan kasuwar Arewa, barin jaki ne ana dukan taiki. Masu biyan kuɗin kuskuren kuwa mata biyu ne, wadda ta ci bashi ta shirya taron, da wadda ta tura kuɗin kayan lefe bisa abin da ta gani a allo.

Yana da kyau a tuna inda abin ya samo asali. A 2020 annobar korona ta rufe ɗakunan taro na Faris da Milan, manyan kamfanonin tufafi suka rasa inda za su tara jama'a. A watan Maris na shekarar aka mayar da makon baje kolin Shanghai kan intanet kacokan. A watan Mayu, Anifa Mvuemba, 'yar asalin Kongo mazauniyar Amurka, mai tambarin Hanifa, ta haska riguna a Instagram suna taku su kaɗai babu mutum a ciki, aikin kwamfuta zalla, duniya ta yi ta mamaki. A Disamba kamfanin Balenciaga ya fitar da sababbin kayansa a cikin wasan kwamfuta. Dabarar tilas ce, kuma ta yi musu rana. Amma da aka buɗe ƙofofi sai aka ga gaskiyar lamarin. Makon baje kolin da aka shirya a dandalin Decentraland a 2022, wanda Dolce & Gabbana da Tommy Hilfiger suka halarta, ya tara kimanin mutum 108,000. Da aka maimaita shi a 2023, kimanin 26,000 ne suka leƙa. Masu kuɗin da za su iya yin asara su manta sun koma ɗakunan taro da kujeru da mutane masu numfashi, abin da suka ajiye kuma shi ake kwasowa ana sayar wa mai keken ɗinki huɗu a Katsina da sunan sabon ilimi.

Wanda yake son ya san abin da ke hana tufa kaiwa ga mai ita a wannan yanki, ya bar allon kwamfuta ya hau motar Jibiya. Mazanya da Magama mazaɓa ɗaya ce a ƙaramar hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, kuma a nan ƙofar iyaka take. Daga can sai Ɗan Isa, sai Maraɗi. Tun shekarun 1970 alhazan Maraɗi suka gina wani babban kaso na arzikinsu a kan kayan da ake saukewa a tashar ruwan Kwatano, a hauro da su Nijar, a tsallako da su Najeriya, atamfa da taba sigari a kan gaba. Bafaranshen nan Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1986. Hanyar kuma mai zuwa da komowa ce: dilolin yadi suna gangarowa zuwa Kantin Kwari, ɗinkakkun kaya da huluna da takalman Kano suna haurawa Maraɗi da Tawa da Agadas.

A watan Agusta na 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. A Nuwamba aka hana kai man fetur garuruwan da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka, wato har janaretan tela a Jibiya ya shiga cikin hukuncin. Da aka buɗe wasu iyakoki a Disamba 2020, Illela da Maigatari na ciki, Jibiya ba ta ciki, sai a Afrilu 2022 aka buɗe ta. Ba a jima ba sojoji suka kifar da Bazoum a ranar 26 ga Yuli 2023, aka sake rufewa har zuwa Maris 2024. A lissafa: fiye da shekara uku ƙofar tana garƙame a cikin ƙasa da shekara biyar. Bayan haka Nijar ta ci gaba da rufe iyakarta da Binin, kayan da suka saba bin Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso da rakiyar sojoji. A daidai wannan lokaci naira ta faɗi daga wajen 460 a dala zuwa sama da 1,500, alhali sefa tana ɗaure da yuro ba ta motsi. Shaddar Getzner da ake saƙawa a Bludenz ta ƙasar Ostiriya, da atamfar Vlisco da ake bugawa a Helmond ta Holan, da kuɗin Turai ake sayensu. Ko a kwanakin da ƙofar take buɗe, direban hanyar Katsina zuwa Jibiya ya san shingaye nawa zai tsaya a kansu, kuma ya san a kan farashin wa za a ɗora abin da ya bari a kowanne. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da kyamara za ta warware.

Akwai ma abin da ya fi wannan ban takaici. A Satumba 2021, saboda ta'adin 'yan bindiga, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, Jibiya na cikinsu, ba a maido ba sai a Disamba. Wata uku mutane suna tafiya mai nisa don su kira ɗan'uwa ko su karɓi kuɗin da aka turo musu. Duk wanda zai tsaya a gaban 'yan kasuwar wannan yanki ya ce su ɗora jarinsu a kan taron da ke bukatar sabis mai ƙarfi na awa biyu cur, da datar da mai kallo za ta ƙona, ya kamata ya fara bayanin abin da ya faru a waɗannan watanni.

Sai kuma maganar da ƙwararrun suka fi tinƙaho da ita, wai sun kawo tallar da ke sa mai saye ya ɗanɗani kaya kafin ya saya. Ƙasar Hausa ta daɗe da wannan, kuma sunan mai yin ta dillaliya. Takan shigo gida da ƙunshinta, ta zauna a tabarma, ta warware turmi a cinyar matar gida. Matar ta murza bakin atamfar tsakanin yatsu ta ji ko auduga ce ko roba, ta fito da ita tsakar gida ta duba launin a rana, ta jiƙa gefe ta ga ko tana zuba, ta shinshina shadda, ta girgiza ta ta ji ƙararta, ta duba maiƙonta. In ta yi shakka a bar mata kayan su kwana, maigida ya gani, ƙanwarta ta gani. In an yi ciniki a biya kashi-kashi, in ɗaukar adashi ta zo a cika. In bayan wanki biyu atamfar ta koɗe, dillaliya za ta dawo gidan ranar suna, kuma ta san za ta dawo, shi ya sa ba ta cika yin ƙarya ba. Ranar kallon lefe kuwa, lokacin da aka buɗe akwatuna gaban gwaggonni da ƙawaye, kowane turmi sai ya bi ta hannu ashirin, kuma a nan sunan ɗan kasuwa yake tashi ko ya faɗi. Hawan Sallah a Katsina da ankon biki suna yi wa masaƙa da marina da maɗinka tallar da babu kamfanin da zai iya biyan kuɗinta. Abin da taron intanet ya yi shi ne ya ɗauki wannan tsari ya cire taɓawa da sansanawa da kwanan kaya da dawowar mai sayarwa, ya bar gani kaɗai, sannan ya ce ya ƙara wani abu.

Ganin ma da aka bari ba cikakke ba ne, kuma a nan malaman zaure suna da abin faɗa. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, da ake karantawa a kowane gari na ƙasar nan, ta yi hukunci a kan wannan mas'ala kai tsaye. Ta halatta sayen abin da ba ya wurin bisa siffantawa. Ta halatta sayen dilar tufafi a ɗaure bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki, matuƙar siffar sananniya ce, kuma Muwaɗɗa ta Imamu Malik tana da babi a kan haka. Sunan wannan takarda barnamaj, kalmar da Larabawan yau suke kiran manhajar kwamfuta da ita. Abin da Risala ta hana shi ne sayen tufar da ba a warware ba kuma ba a siffanta ba, ko sayenta a duhun dare inda masu ciniki ba sa iya tantance ta. Fitilar da ake kafawa gaban kyamara, da manhajar da ke gyara launi, aikin duhu suke yi ko da yake haske ne: suna sa shaddar Sin ta yi ƙyallin Gezna, suna sa leshin roba ya yi kamar na Suwis. Mai kallo tana ganin kiɗa da taku da fuskar 'yar fim, amma ba a gaya mata yadi nawa ba ne, daga wace masaƙa, auduga ce ko gauraye, tana zuba ko ba ta zuba. Wannan shi ne cinikin biri a sama, ko da an yi shi da kyamara mai tsada.

Za a ce ai waya ta buɗe wa mata kasuwa, kuma gaskiya ne. Matar da ke cikin gida a Katsina yau tana sayar wa wata a Damagaram ko Kumasi ba tare da ta taka ƙofar gida ba, kuma wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Sai dai a duba yadda masu cin nasara a cikinsu suke yi. Suna ɗora hoto a WhatsApp, mai saye ta ce a ɗauko mata bidiyon kayan a rana, a juya bayan atamfar, a nuna mata tambarin da ke bakin yadin, a aiko da saƙon murya. Sau da yawa wata 'yar'uwa ce ta haɗa su, kuma ita ce jingina. Dillanci ne ya hau waya da dokokinsa, kuɗinsa kuma data ce ta 'yan ɗaruruwan naira. Ba shi ne abin da ƙwararrun ke sayarwa ba, domin babu kwangilar da za a karɓa a cikinsa.

Ko a fagen baje koli na ƙasaita, Nijar ta riga ta koyar da darasi. A 1998 Alphadi ya kwashi manyan maɗinkan duniya ya kai su saharar Tigidit kusa da Agadas ya buɗe bikin FIMA, kuma abin da ya sa aka yi ta maganarsa shi ne mutane sun je da ƙafarsu sun sha iskar wurin. Da aka kawo karo na biyu Yamai a 2000, zanga-zanga ta ɓarke a can da Maraɗi, aka yi ƙone-ƙone. Jama'ar da ake son sayar wa tufa suna da ra'ayi a kan yadda ake nuna ta a jikin mace, kuma bidiyon da aka haska a intanet ba ya tsayawa a hannun waɗanda aka gayyata. Mai ba da shawara zai karɓi kuɗinsa ya koma Abuja, mai shago ce za ta zauna da surutun unguwa.

Kuɗin ɗaki da kyamara da 'yan fim, in da za a juya su, sun isa a yi abubuwan da ba su da armashi a hoto. A yanka ƙyallayen samfur a aika wa manyan masu saye su taɓa. A rubuta siffar kowane kaya dalla-dalla, a ɗauki hotonsa a hasken rana. A ajiye wakiliya a Maraɗi da wata a Yamai waɗanda za a je wurinsu a gani. Sama da duka a goge rubutun nan na cewa in an saya ba a dawowa da kaya, wanda ya zama ado a shafukan masu sayarwa. Dokar kare haƙƙin masu saye da aka sa wa hannu a 2019, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar maido da kayan da bai samu dubawa ba kafin a kawo masa, in ya tarar sun saɓa wa siffar da aka yi masa. Mai shagon da ta yarda da wannan da kanta za ta fara kula da abin da fitilarta ke nunawa.

A Fabrairu 2021 aka aza harsashin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ranar da jirgi ya fara ɗaukar diloli a kansa, lissafin mai ɗinki zai sauya fiye da yadda kowane taron intanet zai sauya shi. Kafin nan, rigar da aka saya a baje kolin daren Asabar za ta shiga buhu, a rubuta suna a jikinsa da alƙalami, a saka ta a but ɗin motar haya mai bin Magama, kuma lambar direban ce mai saye za ta yi ta kira har kayan su iso.