Sitiyarin tsere a titin Lome: wa zai gaya wa mai saye?

Ranar Asabar da ta wuce wani tsohon ɗalibina, da yanzu yake koyon gyaran mota a wani gareji nan Hanoukopé, ya tare ni a hanya. "Malam, zo ka ga aiki." Wata BMW ce mai ƙofa biyu, cikin tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Lome. An cire sitiyarinta na asali, wanda mu nan muka fi sani da volan, an ɗaura ɗan ƙarami mai tambarin Momo. Yaro sai murmushi yake. Na ce, to ina jakar iskar? Ya nuna mini ita a cikin kwali, ƙarƙashin tebur.

Gaskiya sitiyarin ya yi kyau, ban musa ba. Amma an ƙera shi ne don motar tsere, kuma direban tsere ba haka kawai yake shiga mota ba. Yana da hular kwano, da bel mai maɗauri biyar ko shida da ke manne shi da kujera, ga kejin ƙarfe kewaye da shi. Matashinmu da ke bin Boulevard du 13 Janvier tsakanin 'yan zemijan ba shi da ko ɗaya. Abin da yake da shi bel ne mai maɗauri uku, kuma a motoci da yawa masu jakar iska an yi bel ɗin ne ya ɗan saki idan karo ya yi tsanani, don kada ya karya ƙirji, bisa lissafin cewa jaka za ta tare mutum. Jakar kan cika kafin ƙiftawar ido. In babu ita, bel zai saki yadda aka tsara shi, fuska kuma ta tarar da ƙarfe. Ba banza ba Amurka ta wajabta jakar iska biyu a gaba ga sababbin motoci tun samfurin 1998.

Wasu za su ce ai jakar ma tana kisa. E, an yi haka. Jakunkunan kamfanin Takata na Japan sun yi ta fashewa suna watsa ƙarafa, saboda sinadarin cikinsu yana lalacewa da zafi da laima, irin yanayinmu na bakin teku ke nan, har kamfanin ya durƙushe a 2017. Sai dai maganin da aka yi shi ne sauya su da masu kyau. 

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Da zarar an cire jakar, fitilar SRS takan kama a tablo, tana shaida cewa akwai matsala. Sai a samo ɗan resista na om biyu zuwa uku a soka a bakin wayar, kwamfutar mota ta ɗauka jaka na nan, fitila ta mutu. Mai mota ya san abin da ya yi, ransa ne. To gobe fa, in ya gaji da ita? Wani lokaci a mayar da tsohon sitiyari, a rufe da murfi, jakar kuwa an riga an sayar. Mota ta kama hanyar Cinkassé, ta faɗa hannun wani a Yamai ko Maraɗi, mai iyali, yana ganin rubutun jakar iska a gabansa alhali ciki fayau. Wannan algus ne, ko da wane suna aka kira shi a gareji.

Don haka ina roƙon masu vizit teknik su riƙa duba sitiyari da kansa, kada su tsaya ga fitila. Mai saye kuma ya murɗa makulli ya lura: fitilar ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu. In ba ta kama ba sam, wataƙila an taɓa ta. In ta yi daidai ma, resista na iya ruɗinka, sai ka je da makanikin da ka yarda da shi ya buɗe.

Na ce wa ɗalibina ya gaya wa maigidansa a ba mai motar jakarsa, a kuma rubuta a takardar aiki cewa an cire. Ya ce, "To Malam, zan faɗa." Jiya na bi ta wajen. Motar ta tafi, kwalin yana nan ƙarƙashin tebur.